Takardar Malam Sannu-Sannu

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki da sauƙi. Ya jikin? Ya gwiwar nan da ta hana ki hawa benenmu tun kafin ki ajiye aiki? Ina gaida 'yarmu malamar asibiti, don na san ita ke riƙe da takardar nan tana karanta miki. 'Yata, ki ɗaga murya, kada ki yi sauri. Ki kuma kula kada ki lanƙwasa bakin takardar, don uwar nan taki ta taɓa yini guda ba ta yi mini magana ba a kan haka.

Mu nan lafiya lau, sai kewarki. An ce mini wani lokaci sunaye suna kuɓuce miki, to bari in tuna miki. Auta ce, Autarki ta ɗakin fayil, wadda kika koya wa riƙe allura. Yanzu furfura ta cinye kaina, ni ce shugabar rajista, a kujerarki nake zama. Amma har gobe tsofaffin ma'aikata Auta suke kirana, sababbin kuma su yi ta kallon juna.

Labari na farko, saura mini wata huɗu in bi sahunki. Sunana ya fito a allon sanarwa cikin masu ritaya, shi ya sa ofishin kula da ma'aikata ya saka mu a wani sabon shiri, wai na shirya mu ga rayuwar bayan aiki. Yaya, da kina nan da kin sha dariya. An tara mu mu arba'in a zauren taro, aka kawo wani mai kwat ya yini yana koya mana yin sabulun ruwa da kiwon kifi a baho. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana sa hannu a takardun gwamnati, sai ga shi ya naɗe hannun riga yana dama sabulu da muciya. Nawa da na kai gida ko kumfa bai yi ba, maigidan ya ce in bar masa ya wanke tayar mota. Akwai kuma motsa jiki duk safiyar Laraba a filin ajiye motoci, da gwajin hawan jini kyauta. Na je gwajin sau ɗaya, aka ce in rage tunani. Na ce su fara rage mini fayiloli.

To ai kuwa suna ragewa. An kawo wasu ma'aikata masu kwamfuta, an jera musu tebura a daidai inda tafiretocinmu suke a da. Aikinsu su ɗauko fayil, su datse zaren da almakashi, su zura takardun a na'urar da ke ɗaukar hotonsu, sannan a zuba su a kwali a kai wani sito a bayan gari. Ba na ce abin ba shi da amfani ba. Takardar da muke kwana uku muna nema, yanzu kafin ki gama gyara tabarau sun fito da ita. Amma duk sanda na ji ƙarar almakashin nan sai in ji kamar gashin kaina ake yankewa. Kantar nan ta ƙarshen ɗaki, wadda muke ɓuya a bayanta mu ci abincin rana, ta zama fayau, daga bakin ƙofa ana hango bango.

Sun tambaye ni abin da ke cikin kabad ɗin ƙarfe. Na ce fayilolinmu ne, mu ma'aikatan rajista, kuma na faɗa musu dokar Baba Jan Biro, shugabanmu na farko, Allah ya jiƙansa: ma'aikacin rajista ba ya buɗe fayil ɗin kansa. Na gaya musu yadda yake cewa wanda ya leƙa nasa yau, gobe zai gyara na wani. Na ce shekara tara makullin nan yana jakata, ban taɓa ɗaga bangon nawa ba. Suka yi dariya, ɗaya ta ce, "Madam, ai ni da tun ranar farko na karance shi tas." Sun ce kabad ɗin za su bari sai ƙarshe.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ana tantance ma'aikata a jihar nan, kowa ya je gaban kwamiti ya dangwala yatsa, a kuma duba fayil ɗinsa. Kin tuna Malam Sannu-Sannu, direban bas ɗin ma'aikata? Wanda muke tsokana cewa mai keke ya sha wuce mu a hanya? An buɗe fayil ɗinsa ba a samu takardar ɗaukarsa aiki ba. Komai yana nan, ƙarin girma, hutu, har takardar yabo, amma ta farkon babu. Tasa ta hannu kuma ta ƙone tun gobarar da aka yi a gidan hayarsu. Kwamiti ya ce ba ya karɓar shaidar baki. In takardar ba ta fito ba zuwa Juma'ar ƙarshen wata da azahar, za a cire sunansa a saka shi cikin ma'aikatan bogi, shekarunsa duk su bi ruwa, saura masa wata huɗu kamar ni.

Ma'aikacin bogi, Yaya! Mutumin da rana ɗaya aka ɗauke mu aiki. Layi ɗaya muka bi, yana gabana da wata riga mai faɗin wuya, ya juyo ya ari birona bai dawo da shi ba har yau. Ni na ga an miƙa masa takardar nan da idona. Kwafinta kuwa a ɗakinmu ya kamata ya kasance, don haka in ya ɓata, a hannunmu ya ɓata.

Ban rubuto don in ɗora miki nauyi ba. Kawai dai ban saba shiga damuwar aiki ban faɗa miki ba. Ki sa mu a addu'a. A gaida jikoki.

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Ya ƙarfin jiki? An ce kin ɗan fara zama a tsakar gida da hantsi, na ji daɗin haka ƙwarai. Ina gaida mai karanta miki, Allah ya yi mata albarka.

Yau kwana goma sha ɗaya ina neman takardar nan, saura kwana takwas. Na je siton bayan gari sau uku. Wurin zafi kamar ɗakin gashin burodi, kwalaye har rufi, ba lamba ba tsari. Na duba fayilolin duk direbobin da aka taɓa yi a ma'aikatar nan, masu rai da waɗanda suka riga mu. Na duba fayilolin wucin gadi da muke buɗewa in na ainihin ya maƙale a teburin wani babba. Na zazzage durowarki ta ƙasa, wadda ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Abin da na samu a ciki, tsohuwar takardar kabon da wata allura da ta yi tsatsa. Na zauna riƙe da allurar nan na fi minti goma, aiki ya tsaya.

Na je wurin Darakta. Mutum ne mai kirki, ba zan ci amanarsa ba, amma ya nuna mini allon kwamfutarsa ya ce, "Madam, abin da ba ya nan ciki, a wurin kwamiti babu shi a duniya." Na ce ranka ya daɗe, mutumin nan shi ya kawo ka ofis ranar da motarka ta mutu a gada. Ya ce ya sani, shi ma abin yana damunsa, amma in aka karɓi shaidar baki a kan mutum ɗaya, gobe mutum dubu za su zo da shaidunsu. Gaskiyarsa ce, don ni ma haka zan ce da a kan wani ne.

Ina zargin shekarar yoyo ce ta cinye takardar. Kin tuna? Shekararmu ta uku da fara aiki ni da Malam Sannu-Sannu, damina ta ɓarke silin a kan kanta ta biyu. Muka zo da safe muka tarar da ruwa har idon sawu, fayiloli sun kumbura kamar katifa. Baba Jan Biro ya tuɓe takalmi ya naɗe wando, abin da ba wanda ya taɓa gani. Muka ɗaura igiyoyi daga taga zuwa taga, muka shanya takardun gwamnati kamar kayan jarirai. Ke kika kawo dutsen guga daga gida, kina goge su ɗaya bayan ɗaya kina zagin mai gyaran rufi har kakanninsa. Sati uku muna ɗinki, yatsuna duk suka huje. A lokacin na ɗauka wahala muke sha. Yanzu da za a ce in koma sati ukun nan, wallahi da gudu zan koma, ko don in sake jin ki kina waƙa ƙasa-ƙasa da zare a baki.

Malam Sannu-Sannu yana zuwa kullum bayan ya sauke ma'aikata. Ba ya tambayata komai. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe ni, ya duba fuskata, ya ce, "To, Allah ya sa mu dace," ya juya. Shirun nan nasa ya fi mini ciwo a kan a ce ya yi faɗa. Shekaranjiya ne kawai ya ɗan zauna. Ya ce shi ba wai fansho ba ne ya fi damunsa, duk da yana buƙatarsa. Abin da ke hana shi cin abinci shi ne za a manna sunayen a allo, 'ya'yansa su ji an ce ubansu ɓarawon gwamnati ne. Ya ce shekara talatin da huɗu bai taɓa ko goge fentin motar nan ba. Ya yi dariya ya ce da ya sani da ya riƙa gudu kamar kowa.

Jiya Laraba na gan shi a filin motsa jiki, yana ɗaga hannu sama tare da mutane, an ba shi rigar shirin mai rubutu a baya wai ma'aikaci jarin jiha. Na kasa kallo, na hau sama.

Yaya, tsoro nake ji. Ba na so in bar ɗakin nan da wannan a wuyana. Ke kin miƙa mini shi ba a taɓa cewa takardar wani ta ɓata ba.

Ki huta lafiya. Ki riƙa shan maganinki ko da ɗaci, kada ki ba yarinyar nan wahala.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata, uwar ɗakina, malamata,

Ina gaishe ki gaisuwar da ban san yadda zan rubuta ta ba. Ya jiki? Ya mutanen gidan? Ki gyara zama, 'yata ke ma ki sha ruwa, don yau takardar da tsawo.

Ran Alhamis da yamma, ana gobe wa'adi zai cika, saƙon 'yarmu ya iso. Ta faɗa mini gaskiya, na kuma gode mata. Ta ce da ta karanta miki wasiƙar farko kin yi ta kallon taga, kika tambaye ta wace ce Auta. Ban ji haushi ba, Yaya, kuka kawai na yi. Amma ta ce da ta kai wurin shekarar yoyo a ta biyun, sai kika fara motsa yatsu kamar mai ɗinki, kika ce sau biyu, "Marainiya ai tana gidan maƙwabci." Ta ce ba ta gane ba, ta ɗauka ruɗewar ciwo ce, amma ta rubuto ko da zai yi amfani.

'Yata, bari in yi miki bayani, don ki san wace ce uwarki. A ɗakinmu, takardar da ta rabu da fayil ɗinta marainiya muke ce mata. A wasu ofisoshin kwali ake jefa irinsu, daga nan kuma sai Allah. Uwarki ta hana. Ta ce marainiya ba ta kwana a kwali. Sai a ɗinke ta a can bayan fayil ɗin da ke bin nata a lamba, wato maƙwabci, har a yi wa nata sabon bango a mayar da ita. Mun daina yin haka tun da aka haɗe ma'aikatu biyu aka sauya wa kowa lamba, shekara ashirin ke nan, shi ya sa abin ya fita daga kaina fit.

Na ɗauko tsohon littafin rajista mai baƙin bango, na buɗe shekarar da aka ɗauke mu. Ga sunan Malam Sannu-Sannu da tsohuwar lambarsa. Na sauke yatsa layi ɗaya don in ga maƙwabcinsa. Yaya, ni ce. Yana gabana a layi, ina bayansa, haka aka ba mu lamba. Na juya na kalli kabad ɗin ƙarfe. Kwana goma sha takwas ina haƙilo a sito, ashe abin yana taku uku daga kujerata, a wuri ɗaya tak da hannuna bai taɓa zuwa ba.

Sai kuma sauran ya dawo mini, kuma dole in faɗa. Kin gaya mini a lokacin. Ranar da za ki tafi hutun haihuwar wannan mai karatun, kina saka mayafi a bakin ƙofa, kika ce, "Auta, na ajiye ta direba a bayan naki. In an kawo sababbin bangaye ki gaya wa Baba ya cire ya mayar." Na ce to. Ni kuwa a watan aurena ya rage sati biyu, kaina yana wurin tela. Aka kawo bangaye, na ɗinke masa sabon fayil da sauran takardunsa, na manta da ta farkon. Ba ruwan sama ba ne ya ci takardar bawan Allah nan. Ni ce.

Ran Juma'a tun bakwai da rabi ina ofis. Niyyata in kai wa Darakta fayil ɗina a rufe ya buɗe da hannunsa, sai aka ce ya tafi taron bita, sai Litinin. Masu kwamfuta kuma ba sa zuwa ran Juma'a. Daga ni sai makulli, kwamiti kuma zai tashi da azahar. Na buɗe kabad na ɗauko shi. Ya yi kauri, Yaya, ban san na tara takardu haka ba. Na ajiye shi a tebur na zauna ina kallonsa. A ciki akwai duk abin da Baba Jan Biro ya rubuta a kaina, da abin da kika rubuta, da dalilin da ya sa aka tsallake ni a ƙarin girma sau biyu, abin da na yi shekaru ina son sani. Ba zan yi miki ƙarya ba, raina ya biya.

Sai na kifa shi. Na juya fuskarsa ƙasa, na ɗaga bangon baya kawai. Tana nan. Ta yi ruwan ƙasa, ga tabon ruwa a gefe, ga shatin dutsen gugarki a kusurwa, amma sunansa da kwanan wata da hatimi duk raɗau. A sama kin rubuta da fensir, "Ajiyar direba, a mayar." Kin ɗinke ta da baƙin zare, da ƙullin nan naki mai hawa uku da ba wanda ya iya kwance shi. Na gwada da farce, na gwada da allura, ya ƙi. Ƙarshe ni da nake jin haushin almakashin mutane, ni na ɗauko shi na datse ɗinkinki. Na rufe bangon, na mayar da fayil ɗin kabad. Ko layi ɗaya nawa ban karanta ba. Ban sani ba ko Baba zai ce na karya doka, amma ina jin ke za ki ce rabi na karya.

Na sauko na tarar da Malam Sannu-Sannu yana goge gilashin bas. Na miƙa masa takardar kawai. Ya goge hannu a riga sau biyu kafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambayi inda take. Na gaya masa komai, har da mantuwata, na ce ya yafe mini. Ya sake kallon takardar. Sai ya ce, "Auta, shekara talatin ina ɗaukar mutane a bayana, ashe ni ma a bayanki nake zaune. To ai kin kawo ni lafiya." Ya juya ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya goge, ni ma na yi kamar ban ga idonsa ba.

Shi ya kai mu wurin kwamiti a bas, mu biyu kacal a motar mutum talatin. Na ce Malam, yau dai ka taka ta. Ya ce ai an riga an samu, gudun me kuma? Muka isa saura minti ashirin. Suka duba, suka ɗauki hotonta, ya dangwala yatsa, aka buga masa hatimi. Sunansa yana nan. Rana ɗaya muka shiga, in Allah ya kai mu rana ɗaya za mu fita.

Jibi Litinin masu kwamfuta za su buɗe kabad. Za su datse nawa, su karanta abin da ni ban karanta ba, su zuba a kwali. Na yi tunani ko in roƙe su su faɗa mini abin da ke ciki, sai na ga a bar shi. Na san abin da kika koya mini, ya ishe ni.

Malam Sannu-Sannu ya ce ran Asabar mai zuwa zai ari motar ƙaninsa ya kawo ni wurinki. Mun ce za mu taso da sassafe, don haka ku sa ran ganinmu da la'asar. Kada ki damu in ba ki gane fuskata ba, ni ma wani lokacin ba na gane ta a madubi. Zan zo da allura da tsofaffin takardu mu zauna a tsakar gida mu yi ɗinki.

'Yata, ki duba cikin ambulan ɗin nan da kyau kafin ki yar, akwai ɗan guntun baƙin zare da ƙulli a jikinsa. Kada ki ce mata daga wa yake. Ki saka mata a tafin hannu kawai, ki bar ta ta shafa.

Taki, wadda kika ce ta tuna ta manta, ke kuma aka ce kin manta kika tuna,
Auta